Sauraron Gajeren Zango da Kuɗi Kaɗan

A gidaje da yawa na masu karatunmu akwai ɗan akwatin rediyo, ko a kan taga, ko a rataye jikin ƙusa. In ka ɗauke shi ka duba sosai, za ka ga an rubuta FM, da MW ko AM, da kuma SW. Yawancinmu FM kaɗai muka sani. Wurin da aka rubuta SW kuwa, wato gajeren zango, mun bar wa tsofaffi. Wani yakan taɓa shi sau ɗaya, ya ji shuu da ƙugi, sai ya ce wannan gefen ya lalace. Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau, mai shi ne bai san hanyarsa ba tukuna.

A wannan wata muna so mu nuna wa maigida da uwargida da yara yadda za su fara kamo tashoshin nesa ba tare da sun taɓa kuɗin abinci ko kuɗin makaranta ba. Abu huɗu ake bukata: ƙaramin akwati mai lafiya, da 'yar wayar tagulla, da sanin mitar da ta dace da kowane lokaci, da kuma haƙuri. Na farkon ne kaɗai ake kashe wa kuɗin kirki. Sauran ukun, kowane gida zai iya samunsu.

Ina amfaninsa a zamanin wayar hannu?

Wani zai ce, yanzu da labari ke zuwa cikin aljihu, me za a yi da gajeren zango? Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu ɓoye gaskiya ba. Tashoshi sun ragu ƙwarai. Kanada ta rufe nata a 2012, Holan ma ta daina yawancin shirye-shiryenta a wannan shekara. Jamus ta rufe babbar tasharta ta Kigali a 2015, Ostareliya ta yi shiru a 2017. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da aikin Muryar Amurka, masu jiran shirin Hausa suka murɗa ba su ji kowa ba. Saboda haka kada mutum ya sayi akwati da zaton zai tarar da cunkoson tashoshi irin na shekarun 1970.

Amma fa wayar hannu tana da nata sharaɗi. Sai da caji, sai da kuɗin data, sai kuma da sabis. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya rufewar ta shafi waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane suka yi makonni da waya a hannu ba ta magana. FM kuma ba ta da nisa, da wuya ta wuce kilomita 100, kuma tashar waje da ake ji a FM tana fitowa ne ta eriyar da ke cikin ƙasa, ana iya dakatar da ita. Haka aka yi wa Rediyon Faransa a Nijar a watan Agusta na 2023, aka kuma dakatar da BBC na wata uku a watan Disamba na 2024.

Gajeren zango kuwa daga sama yake saukowa, ba ya bukatar turke a garinku. Shi ya sa da yaƙi ya tashi a Yukren a 2022 BBC ta koma aika labarai can ta gajeren zango, sa'a huɗu kowace rana. Da faɗa ya ɓarke a Sudan a 2023 ta sake yin haka a watan Mayu. Mu da muka san tashin hankali mun san abin da ke faruwa a gidan da ba ya jin labari: jita-jita ce ke cika shi. Jita-jita ta sha sa mutane su gudu daga inda ba kome, ta kuma sha haɗa maƙwabta faɗa. Batir biyu da ɗan akwati suna iya tsare iyali daga wannan.

Yadda murya ke zuwa daga nesa

Duniya a dunƙule take, muryar rediyo kuwa a miƙe take tafiya. To, ta yaya murya za ta tashi daga wata nahiya ta iso Kano ko Maraɗi? Allah cikin hikimarsa ya yi wa duniya wani irin rufi can sama, wanda ido ba ya gani. Hasken rana ne yake dukan siririyar iskar da ke can, ya mai da ita kamar madubi. Muryar gajeren zango takan tashi ta bugi wannan madubi, ta karkato ƙasa a wuri mai nisa. Tsalle ɗaya yana iya kai kilomita 3,000 ko fi, sa'an nan ta sake tashi ta sake dawowa. Wani masani Bature, Edward Appleton, shi ya tabbatar da wannan rufi a 1924, aka ba shi kyautar Nobel a 1947.

Rufin nan hawa-hawa ne. Hawan ƙasa, tsakanin kilomita 60 da 90 daga ƙasa, da rana kaɗai yake samuwa, aikinsa kuwa shanye murya ne, musamman ta manyan mitoci irin su 49 da 41. Da rana ta faɗi sai ya watse. Hawan sama, daga kilomita 150 zuwa 400 ko fi, shi ne madubin ainihi. Da rana yana da ƙarfi, yana iya juyo da ƙananan mitoci irin su 16 da 19. Da dare ƙarfinsa yakan ragu, sai su huda shi su wuce. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin: da rana a nemi ƙananan mitoci, da dare a nemi manya.

Akwai kuma wani abu. Baƙaƙen tabo sukan bayyana a fuskar rana, su ƙaru su ragu cikin zagaye na wajen shekara 11. In sun yi yawa madubin yakan ƙara ƙarfi. A 2024 masana suka ce an kai ƙololuwar wannan zagaye. Daga nan kuwa sai raguwa sannu a hankali, saboda haka in tashar da ake ji raɗau a mita 13 ko 16 ta fara rauni bayan 'yan shekaru, ba laifin akwati ba ne.

Bishara ta daɗe tana bin wannan hanya

Tun kafin a haifi yawancinmu masu bi suka ga amfanin wannan baiwa. Rediyon Batikan ya fara magana a watan Fabrairu na 1931. Ranar Kirsimeti ta wannan shekara kuma tashar HCJB ta fara wa'azi daga birnin Kito na ƙasar Ekwado. A nan Afirka ta Yamma, mishan ta SIM ta buɗe Rediyo ELWA kusa da Monrobiya ta Laberiya ranar 18 ga Janairu, 1954. Akan ɗauki shirye-shiryen Hausa a Jos, a naɗe su a tef, a aika can, su kuma dawo mana ta sama. A 1963 ikkilisiyoyin Lutheran suka buɗe babbar tasha a Adis Ababa ta Habasha. Ɗakin shirinta na Hausa, Muryar Bishara, a Jos yake, na Fulfulde kuwa, Sawtu Linjiila, a Ngaundere ta Kamaru.

Waɗannan tashoshi sun sha wuya. Gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace ta Adis Ababa a watan Maris na 1977. Yaƙin basasar Laberiya ya rushe ELWA a 1990, ko da yake an sake gina ta daga baya. Duk da haka aikin bai tsaya ba. Ƙungiyar TWR, wadda ta fara a Tanja ta Maroko a 1954, ta kafa tashar gajeren zango a Suwazilan, wato Eswatini ta yau, a 1974. A 2008 kuma ta buɗe tashar matsakaicin zango kusa da Paraku a Jamhuriyar Benin, a kilohaz 1566, har da shirye-shirye cikin Hausa. Ita wannan a gefen MW ake nemanta, da dare.

Gidajen labarai ma sun daɗe suna magana da mu cikin harshenmu. BBC ta fara Hausa ranar 13 ga Maris, 1957. Muryar Jamus da Rediyon Sin suka biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. A gida kuma Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya yi shekara da shekaru ana jinsa a mita 49 har ƙetaren iyaka.

Sayen akwati

Ubangijinmu ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara yin lissafi kafin ya sa hannu. Ku duba Luka 14:28. Haka ma a nan. Kada a ci bashi saboda rediyo. Ga hanyoyi uku, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan nauyi.

Ta farko ita ce a fara da abin da ke gida. Ku binciki ɗakin baba ko na kaka. Tsofaffin akwatunan National Panasonic da Philips da Sony da Grundig, in suna da rai, sau da yawa sun fi sababbi da yawa kama tasha da daɗin murya. Abin da yakan dame su shi ne tsatsa a mazaunin batir, da ƙura a cikin maɓallai, da karyayyar eriya. Mai gyaran rediyo na kasuwa zai iya magance waɗannan da kuɗi kaɗan. Ku sa ya faɗi kuɗin aikinsa kafin ya kwance.

Ta biyu ita ce ƙaramin sabon akwati mai allura, irin wanda ake murɗawa allurar tana tafiya a kan lambobi. Kchibo shi ne wanda ya fi cika kasuwanninmu. Akwai kuma Tecsun R-9012 da XHDATA D-219, dukansu masu cin ƙananan batir biyu. In an rubuta a kwali cewa yana da zango 10 ko 12, ma'anarsa an yanka gajeren zango gida-gida, kowace mita da nata layi. Wannan yana da amfani, gama tashoshin ba za su matsu wuri ɗaya ba, yatsa zai sami sararin rarrabe su.

Ta uku ita ce akwati mai nuna lamba a ɗan gilashi, irin su Tecsun PL-310ET ko PL-330. Ya fi tsada, amma in ka san lambar tasha sai ka danna ta kai tsaye, ba lalube. Yana kuma riƙe lambobin a kansa. Wanda zai iya tara kuɗi wata biyu ko uku ya same shi, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda ba zai iya ba, mai allura ya ishe shi. In mai kanti ya ce a ƙara kuɗi domin wani abu wai shi SSB, a sani wannan na masu sauraron jiragen sama da 'yan rediyon sha'awa ne. Mai neman labarai da wa'azi ba ya bukatarsa.

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma kyalkyali ma ba ya kama tasha. Akwai akwatuna masu tocila da wurin sa katin waƙa da fitilu kala-kala. Sau da yawa irin waɗannan an kashe ƙarfi a kan ado, gefen SW ba shi da kirki. Kafin ka biya, ga abin da za ka yi. Tafi da batir naka sababbi. Duba layin lambobi ka tabbata ya kama daga mita 49 har zuwa mita 16, wato daga wajen megahaz 5.9 zuwa 18. Fita da shi bakin kanti, nesa da fitilu da cajojin mai kanti. Zare eriya duka ka ga ko tana tsayawa da kanta. Murɗa a hankali a mita 19 da 16 in da rana ne. Ko tasha ɗaya ce ka ji da wani harshe, akwatin yana aiki. In tashar FM ta garinku ce ke fitowa ko'ina a gefen SW, ajiye shi ka nemi wani. Tambayi farashi a kanti uku, ka kuma roƙi mai kanti ya yarda ka dawo da shi washegari in bai kama kome da dare ba.

Wace mita, a wane lokaci?

Tashoshi sukan faɗi wurinsu iri biyu, ko da mita ko da kilohaz. Mita kamar sunan unguwa ce, kilohaz kuwa lambar gida. Kilohaz 1,000 shi ne megahaz 1. Ga unguwannin da za ku fi bukata. Ku kwafe su a takarda ku manna a bayan akwati.

Mita 49: kilohaz 5900 zuwa 6200. Da dare da asuba.
Mita 41: kilohaz 7200 zuwa 7450. Da dare da sassafe.
Mita 31: kilohaz 9400 zuwa 9900. Da yamma, da dare, da safe.
Mita 25: kilohaz 11600 zuwa 12100. Da safe da yamma, har farkon dare.
Mita 22: kilohaz 13570 zuwa 13870. Da rana da yamma.
Mita 19: kilohaz 15100 zuwa 15800. Daga hantsi zuwa faɗuwar rana.
Mita 16: kilohaz 17480 zuwa 17900. Da tsakar rana da la'asar.
Mita 13: kilohaz 21450 zuwa 21850. Da tsakar rana.

Ga ɗan lissafi domin 'yan makaranta. Muryar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka in ka raba 300 da lambar megahaz, sai ka sami mita. Raba 300 da 9.6, za ka sami 31 da ɗoriya. Raba 300 da 6.1, za ka sami 49. Yaron da ya iya wannan ba zai ɓata a kan allura ba.

Sai maganar agogo. Tashoshin duniya suna aiki da agogon GMT, wanda wasu ke rubutawa UTC. A Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi akan ƙara sa'a ɗaya a kai. A Gana ba a ƙara kome. A Sudan akan ƙara sa'a biyu. In tasha ta rubuta 1930, to, a Jos ko Damagaram ƙarfe takwas da rabi na dare ke nan, a Kumasi bakwai da rabi. A sani kuma tashoshi sukan sauya lambobinsu sau biyu a shekara, ran Lahadin ƙarshe na watan Maris da ran Lahadin ƙarshe na watan Oktoba. In tashar da kuka saba ta ɓace a waɗannan kwanaki, ƙaura ta yi. Sukan sanar da sababbin lambobi a ƙarshen shiri. Ko kuwa wani mai waya ya duba shafin tashar a intanet sau ɗaya, ya rubuta wa gida, shi ke nan har wata biyar ko bakwai.

Eriyar da ba ta cin kuɗi

Abin da ya fi ƙara wa ƙaramin akwati ƙarfi shi ne 'yar waya. Nemi wayar tagulla mai rufin roba, ko tsohuwa ce, tsawon mita 5 zuwa 10, wato kamar taki 7 zuwa 13 na babban mutum. Fere bakinta ɗaya ka naɗa a kan eriyar akwatin. Fitar da sauran ta taga, ka ɗaure ɗaya bakin da igiyar roba a reshen itace ko a kan gora. Iyakar tsayin da za ka iya, iyakar kyaunta. Kada tagullar ta taɓa kwanon rufi. Gidan da ke da rufin kwano yakan tare murya, saboda haka ko zama a tsakar gida kaɗai yakan kawo bambanci.

Kada a ce tun da gajeriya ta taimaka, doguwa za ta fi. Ƙaramin akwati kamar ƙaramin tulu ne, in ruwa ya yi yawa sai ya zube. In ka ji tashoshi sun hau kan juna bayan ka sa waya, rage tsawonta. Ko kuwa ka naɗa ta a kan eriya sau biyar ko shida da robarta, ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba.

Ga gargaɗi biyu, kuma maganar rai ce. Kada wayar nan ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar lantarki, kada a ɗaura ta a falwaya, kada kuma yaro ya cusa ta a soket. Na biyu, da zarar hadari ya haɗo, a cire ta daga akwati a jefa bakinta waje, gama waya a sama tana iya jawo aradu cikin ɗaki. Da damina a mai da cire ta al'ada kowane dare kafin a kwanta. Iyaye, ku koya wa yara wannan kafin ku bar su su taɓa.

Hayaniya, batir, da kula da kaya

Yawancin ƙugin da ake ji daga cikin gida yake fitowa. Cajar waya, da ƙwan lantarki irin na zamani, da talabijin, da inbatar sola, da janareta, duk suna watsa hayaniya a gajeren zango. Gwada da kanka. Kunna akwatin a wurin da ba tasha, ka matsa kusa da caja, za ka ji ƙarar ta tashi. Maganin shi ne a kashe abin da za a iya kashewa, a matsa nesa da sauran, a kuma yi sauraro da batir maimakon a jona a wuta. A nan mutumin ƙauye ya fi na birni sa'a. Mu na birni kuwa, daren da aka ɗauke wuta shi ne daren da tashoshi suka fi fitowa.

Wani lokaci za ka ji murya ta yi ƙarfi, ta dushe, ta sake dawowa. Wannan halin gajeren zango ne, gama madubin sama ba ya tsayawa cik. Kada ka bi ta da murɗawa. Bari kawai, za ta dawo.

Batir shi ne kuɗin da ba ya ƙarewa, saboda haka a yi dabara. Ƙara murya ita ke cinye shi. Mai sauraro shi kaɗai ya yi amfani da abin sawa a kunne, batir zai daɗe ƙwarai. Akwati mai manyan batir ya fi dacewa da zaman iyali, gama sun fi ƙanana jimrewa nesa ba kusa ba. Gidan da ke da ɗan faifan sola zai ci riba in ya sayi batir masu caji. Akwai ma akwatuna, irin su PL-330, masu amfani da batir irin na tsohuwar wayar Nokia. Kada a haɗa sabon batir da tsoho. In za a ajiye akwati fiye da mako biyu a cire batir, domin ruwansa yana cin ƙarfe. Da hunturu uwargida ta ɗinka masa 'yar riga saboda ƙura. Eriya kuma daga gindi ake turo ta ƙasa, gaɓa-gaɓa, ba a danna ta daga kai.

Littafin sauraro

Ku ware littafin rubutu guda, irin na 'yan firamare. A ja layi shida: kwanan wata, lokaci, lamba ko mita, sunan tasha, harshe, da ƙarfin murya daga 1 zuwa 5. A ba ɗaya daga cikin yara aikin rubutawa. Tashoshi sukan faɗi sunansu a kan sa'a ko rabin sa'a, saboda haka a kunna minti biyar kafin lokacin. Mai akwatin allura yana iya ɗiga alama da biro a kan 'yar takarda da ya manna a gefen layin. Cikin mako biyu littafin zai gaya muku abin da ake samu a garinku, da lokacinsa, fiye da abin da kowane baƙo zai iya gaya muku.

Za ku ji Hausa, da Turanci, da Faransanci, da Larabci, da harsunan da ba ku taɓa ji ba. BBC tana da tashar aika murya a tsibirin Asenshan cikin tekun Atlantika tun 1966, fiye da kilomita 3,000 daga Kano. Rediyon Sin yana da ƙarfi a mitoci da yawa. Rediyon Romaniya da na Batikan suna da shirye-shiryen Turanci da Faransanci. A sa taswirar duniya kusa, yara su nemo ƙasar da ke magana. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa zai ƙaru da jin Turanci ko Faransanci na minti 30 kowane dare. Waɗansu tashoshi kuma har yanzu sukan amsa wa mai sauraron da ya rubuta musu ranar da ya ji su da lambar da ya ji su, su aiko masa da katin shaida.

A ji da kunne, a auna da hankali

Nisan da murya ta yi kafin ta iso ba ya mai da ita gaskiya. Kowace tasha tana da mai ita, kuma wanda ya biya kuɗin wuta yana da abin da yake so a ji. In labari ya yi nauyi, ku ji shi daga tasha biyu ko uku kafin ku kai wa maƙwabci. Ku lura da abin da wannan ta faɗa wanda waccan ta tsallake.

Haka ma wa'azi. Akwai tashoshin da ke sayar da lokaci ga duk wanda ya kawo kuɗi. Wani mai wa'azi Ba'amurke, Harold Camping, ya yi ta shela ta gajeren zango cikin harsuna da yawa cewa ranar shari'a za ta zo ran 21 ga Mayu, 2011. Waɗansu suka bar aikinsu, suka kashe abin da suka tara. Ranar ta zo ta wuce, shi da kansa ya amsa kuskurensa a 2012. Mutanen Biriya sun sami yabo a Ayyukan Manzanni 17:11 domin ko maganar Bulus sai da suka gwada ta da Nassi. Ku ajiye Littafi Mai Tsarki kusa da akwati. In mai wa'azi ya kira aya, a rubuta, a buɗe a karanta abin da ke gabanta da bayanta. In ya fi yawan maganar a aiko masa da kuɗi, a murɗa gaba. Abin da ya shige muku duhu ku kai wa fasto ko dattawan ikkilisiya.

Kada kuma akwati ya ɗauki matsayin zumuntar masu bi. Ba ya ziyarar marar lafiya, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, bai san sunan yaranku ba. Wanda ke da ƙafar zuwa sujada ya je. Amma akwai waɗanda ba su da hali: tsohuwar da idonta ya dushe, da mai jinya, da makiyayi a ruga, da iyalin da tashin hankali ya raba da garinsu. Zumuntar mata ko ƙungiyar matasa za su iya haɗa kuɗi su saya wa irin waɗannan akwati ɗaya, su ɗaura musu waya, su nuna musu mitoci, su kuma riƙa leƙawa da batir. Ziyarar kai batir ma hanyar addu'a tare ce.

To, daren yau bayan an ci tuwo, a fito da tabarma tsakar gida. A kashe caja, a zare eriya, a tura maɓalli zuwa SW, a fara daga mita 31, ana murɗawa sannu-sannu kamar mai zare ƙaya. In maƙwabci ya leƙo jin labarai, ko wane ne shi, a matsa masa wuri. In daren farko bai ba da kome ba, a sake gwadawa da asuba a mita 41, da la'asar kuma a mita 19. Sannu ba ta hana zuwa. In an gama, maigida ya kashe akwati, iyali su yi addu'a domin ƙasashen da suka ji labarinsu, da masu bi da ke zaune a cikinsu.